Ɗigon da Baba Sabo Ya Ɗauko Mana a Fuskar Rana

Kullum idan hantsi ya ɗaga, Baba Sabo Mai Hoto zai fito daga gidansa a Madabo, ya tsaya bakin titi ya tari a-daidaita-sahu zuwa Ƙofar Na'isa. Da can a keke yake zuwa, yanzu idon ba ya barinsa. Zai laluba kwaɗon ya buɗe shagon, ya yi shara, ya goge gilashin akwatin talla, ya gyara labulen nan mai zanen lambu wanda rabin mutanen unguwarmu suka taɓa tsayawa a gabansa suna ƙame wuya. Sai ya zauna a benci ya kunna rediyo. Wata rana mutum ɗaya zai zo neman fasfo. Wata rana ba kowa, sai mai shayi da zai leƙo su gaisa. Kowa yanzu da kyamararsa a aljihu. A ƙarshen watan nan zai rufe shagon gaba ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta wannan, a samu wanda zai karanta masa.

Ni malamar makaranta ce, kuma in faɗa muku gaskiya na gaji. Na gaji da tarukan karramawa inda ake jera mu a rana muna tafa wa mutumin da ko sunan makarantar bai riƙe ba, a miƙa masa allon katako mai ƙyalli, a watse, mu koma aji da ciwon kai. Ban taɓa ganin an kira irin su Baba Sabo ba, na ma daina sa rai. To ga tawa jinjinar, ba rumfa, ba lasifika.

Katangar gidanmu da ta gidansa ɗaya ce. Mahaifinmu, Malam Lawal, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai tsanani a kan iyalinsa. Ko mai gyaran famfo ne zai shigo, sai ya tsaya a kansa har ya gama. Amma idan hoto ake buƙata, cewa yake, “A kira Sabo,” ya yi tafiyarsa kasuwa hankali kwance. Ba mu kaɗai ba, duk lungun haka ne. Baba Sabo zai yi sallama daga zaure, ya shigo idonsa a kan takalminsa, ba zai ɗago ba sai an ce masa an shirya. Ya ɗauka, ya sake sunkuyar da kai, ya fita.

Je ka duba akwatin tallarsa. Jarirai ne, da 'yan ƙwallo, da angwaye, da dattawa masu rawani. Ba hoton mace ko ɗaya, kuma ba a taɓa sawa ba. Zamanin fim, idan mace ta zo karɓar hotonta, da fim ɗin yake haɗa mata a ambulan, ya ce ta tafi da kayanta. Da aka koma sabuwar kyamara, a gabanta yake gogewa, ya juyo mata da gilashin ta gani da idonta. Matarsa, Gwaggo 'Yardada, ta ba mu labarin wani saurayi da ya yi ta yi masa naci ya nuna masa hoton yarinyar da yake nema, kallo ɗaya kawai. Baba Sabo ya ce masa, “Ka san gidansu, ko? Je ka ka yi sallama, ka ga ta gaske.” Saurayin ya fita yana tsaki, daga baya kuma shi ya kira shi ya ɗauki hoton ɗaurin auren.

Kai ne, Baba, wanda tsofaffinmu suka tafi Makka da fuskar da ka ɗaukar musu. Kai ne mai amanar fuskokin unguwa. Ba wanda ya sa ka, ba wanda yake duba ka, haka kawai kake aikinka.

Amma mutumin nan yana da abu ɗaya da yake so wa kansa, kuma duk unguwa ta sani, don an sha yi masa tsiya a kai. A shekarar 2004 wani malamin kimiyya da ke kawo masa wankin fim ya gayyace shi ya ɗaukar masa hoton wani abu da zai faru a sama. Tauraruwar nan Zara ce za ta gifta tsakaninmu da rana, a gan ta baƙa wuluk a fuskar ranar. Malamin yana da madubin hangen nesa, wani dogon bututu mai ƙafa uku, da murfi na musamman da ke tace hasken don kada ya ƙona ido. Baba Sabo ya leƙa, ya gani da idonsa. Hotunan kuwa da ya wanke, fari fat suka fito, ba komai. Ya ce a duk aikinsa ba abin da ya taɓa ba shi kunya kamar wannan. Da malamin zai bar Kano, shi ya bar wa bututun.

Zara dai ba za ta sake giftawa ba a rayuwar duk wanda ke karanta wannan. Sai ƙaramarta, Uɗaridu, wadda muke koya wa yara da sunan Makyuri. Ita ma duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, kuma jefi-jefi takan gifta, sai dai ɗigonta ƙanƙane ne ƙwarai, ba a ganinsa sai da bututu. Ya shirya mata a 2016, hadarin farkon damina ya rufe masa sama har ta wuce. Saura ta watan Nuwambar 2019. Bayan ita kuma sai 2032.

A tsakanin nan idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce tsakiyar ganin ce ke cinyewa, kuma ba ta dawowa. Abin da ya kalla kai tsaye sai ya dushe masa, sai ya ɗan kauda kai ya nemo shi ta gefen ido. Ya san lissafin da kansa. Ya ce wa mahaifinmu wata rana a ƙofar gida, “Malam Lawal, in ban same ta bana ba, shi ke nan. In ma ina raye a ta gaba, sai dai a ba ni labari.” Mahaifinmu ya ce, “Kai dai da neman wahala. Mutane na neman abin da za su ci, kai kana neman tabo a jikin rana.” Suka yi dariya.

Ku da ba ku tashi a cikin gari ba, bari in yi muku bayani. Gidajenmu a manne suke. Wanda ya hau saman ɗakinsa, tsakar gidan maƙwabtansa a tafin hannunsa take: inda mata ke girki, inda suke wanki, inda suke kishingiɗa ba mayafi. Saboda haka namiji ba ya hawa sama kai tsaye. Ko magini ne zai yi yaɓe, sai an aika gida-gida an ce za a hau, mata su kintsa, in an sauko kuma a sake sanarwa. Balle wanda zai hau da bututun hangen nesa da kyamara. Daga tsakar gidan Baba Sabo ba a ganin rana in ta karkata, katangu sun tare. Dole sai sama. Tun ana saura mako Uɗaridu ta gifta, Gwaggo 'Yardada ta zagaya gidajen da ke kewaye ta nemi izini, kowa ya ce ba komai, ranar Litinin daga azahar za a shige ɗaki.

Ranar Lahadi mahaifinmu ya rasu. Da safiyar Litinin aka kai shi.

Ba sai na faɗa muku yadda tsakar gidanmu ta cika ba. Mata har bakin rijiya, an shimfiɗa tabarmi ko'ina, wasu na kuka, wasu na jan carbi, tukwane na kan wuta. Maza kuma suna ƙofar gida, Baba Sabo a cikinsu, don da shi aka je maƙabarta. Aka yi azahar, abin ya fara a sama, yana zaune yana karɓar gaisuwa tare da yayana, Yaya Auwalu. Aka yi la'asar, yana nan. Ni kuwa wallahi ko tunawa ban yi ba. Ranar da ubana ya shiga ƙasa, ina ruwana da wata duniya?

Mahaifiyarmu, Hajiya Ladi, wadda muke kira Inna, ita ta lura. Tana zaune a bakin ɗakinta cikin mayafin takaba, Gwaggo 'Yardada na kusa da ita, sai ta ga Gwaggon tana ta satar kallon inuwar da ke hawa katanga.

“'Yardada, ba yau ne abin Malam Sabo ba?”

“Bari kawai, Hajiya. Ya ce ya fasa.”

“Ya fasa sai yaushe?”

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

Sai Inna ta ɗaga muryar da kuka ya dusar ta ce kowa ya tashi a shiga ɗakuna, za a hau sama. Tabɗi! Wata gwaggonmu ta wajen uba ta saki baki. “Ladi, kina cikin hankalinki? Ko kwana ɗan'uwana bai yi a kabari ba, a tashi masu makoki don wani zai yi kallon rana?”

“Yaya,” in ji Inna, “ko a tsakar gida muka zauna ko a ɗaki, Malam ba dawowa zai yi ba. Tun da aka kawo ni gidan nan mutumin nan bai taɓa ɗaga ido ya dube mu ba. Yau ɗaya ya roƙa, kuma Malam da bakinsa ya ba shi izini. Ni ba zan janye maganar mijina ba don ya mutu. Bahijja, je ki ki kira min yayanki.”

Ni ce Bahijjar. Na tsaya a zaure na aika aka kira Yaya Auwalu, shi kuma ya jawo Baba Sabo. Da na faɗa masa saƙon Inna, sai ya girgiza kai.

“Haba, 'yata. Da wace fuska? Ki ce wa Hajiya na gode, Allah Ya ba ta lada. Ni na haƙura tun jiya.”

Raina a ɓace yake dama, ga gajiya, ga yunwa, ga idona ya kumbura. Na ce, “Baba, mata sun riga sun cushe a ɗaki, kuma ba wuta. In ba ka hau ba, gumin banza suke yi. Ka zaɓa.” Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni ta gefen ido yadda yake yi, ya ce, “To. Auwalu, zo ka kama min.”

Abin da ya faru a sama, daga bakin Yaya Auwalu na ji, don ni ina cikin ɗakin Inna, wata ta ɗora min gwiwa a baya, jariri na tsala ihu a kunnena, gwaggon nan tamu ta wajen uba tana ta ƙwafa tana fifita da murfin kwano.

Yaya Auwalu tela ne mai tumbi, bai san komai game da taurari ba, kuma ya ce da ƙyar ya kai ƙarshen tsanin. Da suka hau, rana ta riga ta yi ƙasa ta nufi wani dogon bene da ke yamma da mu, mai tankin ruwa a kansa. In ta shige bayansa, magana ta ƙare. Kuma gidanmu ta yamma yake, daidai inda za a saita bututun. Sai Baba Sabo ya ce a miƙo masa tabarma da sanda biyu.

“Baba, me za a yi da tabarma?”

“Za mu kare tsakar gidanku.”

“Ba kowa a ciki fa! Duk sun shige!”

“Na sani. Kama min nan.”

Yaya Auwalu ya ce kamar ya yi kuka don takaici. Rana na sauka, su suna fama da ɗaurin tabarma, iska na kaɗe ta. Sai da ta tsaya, ta tare duk abin da ke ƙasa, sannan tsohon ya kafa ƙafafun bututun, ya sa murfin tace haske, ya shafa shi da yatsa ya tabbatar ya zauna daram.

Bututun nan baki ɗaya gare shi. Ko dai ka sa gilashin leƙawa ka kalla da idonka, ko ka cire shi ka ɗaura kyamara. Ba a yin biyun lokaci guda. Yaya Auwalu ya ce, “Baba, fara leƙawa tukuna. Shekara nawa kana jira.”

“Idona ba ya sauri, Auwalu. In na fara nemanta, sai benen nan ya haɗiye ranar ban gama ba. Mutanen da suka bar makokinsu suka shige ɗaki domina, me zan nuna musu? In ce musu na gani?”

Ya ɗaura kyamarar. Ya ce wa Yaya Auwalu ya duba gilashin bayanta.

“Gefen ranar ya fito tas, ko ya yi dishi-dishi?”

“Dishi-dishi.”

Ya murɗa. “Yanzu fa?”

“Ya fito.”

“Ka ga wani ɗigo baƙi? Duba wajen tsakiya.”

“Ban ga... tsaya. Kai! Akwai wani abu kamar kan allura.”

“Zagayayye ne?”

“Zagayayye ne, Baba.”

“Alhamdu lillahi. Kada ka taɓa komai.”

Ya yi ta dannawa, yana tambaya, yana gyarawa, yana sake dannawa, don bai yarda da hoto ɗaya ba tun abin da ya same shi da Zara. Sai da ya gamsu sannan ya kwance kyamarar, ya mayar da gilashin leƙawa. A lokacin gindin ranar ya riga ya taɓa tankin. Ya kafa ido, ya kauda kai hagu, ya kauda dama, ya canja ido, ya sake komawa na farkon. Yaya Auwalu na tsaye yana kallon inuwar benen tana tahowa a kan rufin har ta hau ƙafafunsu.

“Ka gan shi, Baba?”

Ya ɗago, ya goge idon da bakin hularsa. “Na ga haske,” in ji shi. “Mu sauka, mutane sun sha zafi. Ka sanar musu.”

Muna ɗaki muka ji muryar Yaya Auwalu yana cewa an sauko. Muka fito kamar waɗanda aka tsamo daga ruwa, aka koma kan tabarmi, aka ci gaba da makoki. Ba wanda ya tambayi me aka gani. Baba Sabo ya koma ƙofar gida ya zauna cikin maza har magariba.

Na sha zama in yi lissafin abin nan, in ji haushi. Da ya hau tun azahar, wa zai hana shi? Izini yana hannunsa. Da bai tsaya ɗaurin tabarma ba, da ya samu lokacin da idonsa ke buƙata. Na taɓa faɗa masa haka, ya ce, “Da na hau na gan ta, sannan in sauko in dubi Hajiya da me?” Har yau abin yana cina.

Sai da Inna ta fita takaba ya kawo hoton. Ya wanke shi babba, ya sa a gilashi. Aka yi masa shimfiɗa a bakin ɗaki, Inna ta karɓa ta sa tabarau. Wani faifai ne mai ruwan lemo a kan baƙi, shi ke nan.

“To ina abin?”

Yaya Auwalu ya nuna mata.

“Wannan? La'ilaha illallahu. Ni na zaci kashin ƙuda ne, har zan sa hannu in goge. Malam Sabo, don wannan muka kusa suma a ɗaki?”

Muka kwashe da dariya, har da ita. Rabon da mu ji dariyar Inna tun kafin rasuwar.

“Duniya ce guda, Hajiya,” in ji shi. “Kin ga yadda ta zama a gaban rana.”

“Ikon Allah. To ka dai ga abinka, hankalinka ya kwanta.”

Ya ɗan yi murmushi. “Ai ni ban gan shi ba, Hajiya. Ko a nan ɗin ma. Na ƙara masa girma har ya dagule, in na dube shi sai ya ɓace. Auwalu ne ya ce yana nan, na yarda.”

Inna ta cire tabarau ta sake mayarwa. Ta tura hoton a kan tabarma zuwa gabansa.

“Ɗora yatsanka.”

Ya ɗora.

“Yi sama kaɗan. A'a, ka wuce. Dawo. Yi dama. Kaɗan kuma. Tsaya nan.”

Ya tsaya. Ya daɗe yatsan na wurin bai ɗauke ba, mu ma ba mu motsa ba.

Baba Sabo, mun gode. Na gode a madadin matan lungunmu da ka kare musu mutunci tun kafin a haife ni, da tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya, da mahaifina da ya yi maka tsiya amma ya ba ka izini. Allah Ya saka maka da alheri, Ya haskaka maka abin da ya dushe. Ku kuma masu ƙuruciya da lafiyar ido, masu ɗaga waya a fuskar mutum ba ko sallama, ga wanda za ku koya a wurinsa. Uɗaridu za ta sake giftawa, bututun na nan lafiyarsa ƙalau, kuma mai shi bai manta yadda ake kafa shi ba. Wani a cikinku ya je ya zauna da shi ya koya tun yana da ƙarfin koyarwa, ya koyi saita gilashin, ya koyi aikawa maƙwabta kafin ya taka tsani.

Kai kuma, Baba, na san wani lokacin kana shakka, don Gwaggo ta ce kakan tambaye ta ko dai lallashinka muke yi. Ba lallashi ba ne. Ni na gani, Inna ta gani, har gwaggon nan tamu mai ƙwafa ta zo ta sa an nuna mata. Yana nan, baƙi, zagayayye, daidai inda ka sa yatsan.